Ramin da Ke Tafiya: Shekara Ɗari Ana Haƙar Tama a Corby

Idan aka ce an shekara ɗari ana haƙar tama a wuri ɗaya, abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne wani wawakeken rami wanda in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. A Corby, wani gari a gundumar Northamptonshire ta tsakiyar Ingila, ramukan ba su taɓa zama haka ba. Dogaye ne sirara, wani tsawonsa ya haura kilomita guda, kuma ba sa zama wuri ɗaya. Bana ramin yana nan, baɗi ya gusa gaba. Gonar da ke gabansa ta faɗa ciki, wata gonar ta fito a bayansa. Tun daga farkon shekarun 1880 har zuwa Janairun 1980 haka suka yi ta rarrafe a kan filayen ƙauyuka, kuma dabarar sa rami tafiya ita ce gwanintar da mutanen wurin suka yi ta miƙa wa juna.

Sai an san yadda tamar take kwance kafin a gane dalili. Ba jijiya ba ce mai nutsewa cikin dutse. Shimfiɗa ce guda da ta malale ƙarƙashin gonaki, mil bayan mil. Kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce wurin teku ne marar zurfi, kuma a gindinsa ne ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da ƙarfe suka taru, suka daskare, suka zama dutse. In ka fasa guntunsa ka kawo kusa da ido za ka gan su, mulmulallu, da ƙyar ɗaya ta kai milimita guda. Ɓangaren da ake iya amfana da shi kaurinsa mita 2 ne zuwa 4. Ƙarfen da ke ciki kuwa kimanin kashi 30 ne cikin 100, wato sai an narka fiye da tan 3 na dutse kafin a sami tan ɗaya na ƙarfe. Tama ce marar ƙiba. Ribarta kaɗan ce, don haka duk shebur ɗin ƙasar da aka ɗaga a banza, daga cikin ribar aka ɗebe shi.

Ga kuma abin da ke danne da ita: rairayi, yumɓu, dutsen farar ƙasa, laka, sannan ƙasar noma a can sama. A gefen kwaruruka, inda ruwa ya zaizaye tudu, tamar a fili take. Amma da an nufi tsakiyar tudu sai murfin ya yi ta ƙara kauri, daga tsayin mutum zuwa mita 10, zuwa 20, zuwa 30. Fasa tamar da loda ta ba su ne wahalar ba. Wahalar ita ce murfin.

Mutanen da sun san da wannan dutse. Rumawa sun narka shi a dajin Rockingham, kuma littafin ƙidayar dukiyar Ingila na shekarar 1086 ya ambaci aikin ƙarfe a Corby. Daga baya sana'ar ta mutu, har aka kusa mantawa akwai tama a yankin. Sai a 1851 aka baje samfurinta a babban baje kolin Landan, masu tanderu suka fara waiwayowa. Da aka yanka hanyar jirgin ƙasa daga Kettering zuwa Manton a ƙarshen shekarun 1870, masu haƙar hanyar suka tsaga tudun Corby, ga tama nan shimfiɗe a bangon yankan. Wani attajirin ƙarfe daga Birmingham, Samuel Lloyd, ya karɓi hayar filayen, aiki ya kankama.

Ga yadda ake yi a zamanin diga da shebur. Da farko a haƙa dogon kwari daga inda tamar take a fili, a kwashe ta, a shimfiɗa ƙaramin layin dogo a gindin kwarin. Yanzu rami yana da gefe biyu. Na gaba shi ne fuskar aiki, tama a ƙasa, murfi a kanta. Na baya fanko ne, an riga an kwashe abin da ke cikinsa. Ƙasar da aka yanko daga gefen gaba sai a tsallakar da ita ta saman layin dogo a zuba a gefen baya. Duk wanda ya taɓa huɗa ya san wannan motsi: garma ta yanko ƙasa daga nan ta kifa ta can, kwarin ya matsa da taku ɗaya. Ba a kai ƙasa nesa, ba a tara ta tsibi don a dawo a sake kwashewa. Sau ɗaya ake taɓa ta, kuma inda ta sauka nan ne mazauninta.

Tsallakarwar da baro ake yi, a kan katako. Ana kakkafa dogayen ƙafafun itace a cikin ramin, a jera katakai a kansu su zama siririyar gada daga gefe zuwa gefe. Faɗinta bai kai rabin mita ba, ba ta da abin dafawa, kuma a wasu wuraren tsakaninta da ƙasa ya kai mita 5 ko 6. A kan wannan gada lebura zai turo baro cike da jiƙaƙƙen yumɓu, ya juye, ya komo, tun safe har yamma.

Gwanintar tana farawa tun wajen lodi. Gwani yana tara nauyin a gaba, a kan taya, don taya ta ɗauka maimakon kafaɗunsa, kuma yana daidaita hagu da dama, domin baron da ya karkata a ƙasa zai kife a sama. Kafin ya hau yana kankare lakar takalminsa da ta taya. Da ya hau, katakon zai fara lanƙwasa yana dawowa. A nan baƙo yake ruɗewa, ya sandare ƙafafu, ya yi ƙoƙarin hana katakon motsi. Wanda ya saba kuwa sakin gwiwa yake yi, ya daidaita takunsa da lilon katakon, ya sauke ƙafa lokacin da yake yin ƙasa, ya ɗaga lokacin da yake tasowa, har lilon ya zama shi ke taya shi turi. Ba ya kallon ƙasan rami. Ba ya tsayawa a tsakiya. In kuma baro ya riga ya karkata, ba ya kokawa da shi, sakinsa yake yi ya faɗa shi kaɗai.

A ƙetare ma akwai tsari. Dutse da yumɓu su ake fara zubawa, ƙasar noma kuma, wadda aka yaye daban tun farko, ita ce ta ƙarshe a sama. Da awo ake biyan waɗannan mutane, gwargwadon yawan ƙasar da suka kawar, ba da yini ba. Mai son jiki yakan juye baronsa a bakin katako don ya rage 'yan taku, amma kafin azahar tulin ya tare masa hanya, sai ya ajiye baro ya ɗauki shebur yana baje abin da ya riga ya ɗauko, aikin da babu mai biyansa. Abokin aikinsa da ya fara zubawa daga can nesa yana dawowa baya-baya, hanyarsa a buɗe take har a tashi. Filin da irin waɗannan suka bari a bayansu yakan koma hannun manomi a shekara ɗaya ko biyu, a shuka alkama a kai. Abin da kawai zai nuna an taɓa haƙa shi ne gonar ta yi ƙasa da hanyar da ke gefenta, kuma har yau matafiyi a Northamptonshire yana ganin irin waɗannan gonaki da suka nutse ƙasa da shingensu.

Idan murfi ya kau sai masu fasa tama su sauko. Su da launi suke karatu. Kusa da sarari, inda ruwa da iska suka daɗe suna shiga, dutsen ruwan ƙasa ne mai tsatsa, yana farfashewa gida-gida, ɓawo mai tauri a waje, gari mai laushi a ciki. Wannan diga ma tana isar masa. Can ƙarƙashin murfi mai kauri kuwa launinsa toka-toka ne mai ratsin kore, ga tauri, sai an huda an sa nakiya. Kuma ba a kwashewa har gindi. Sashen ƙasa ƙarfensa kaɗan ne, ƙarƙashinsa kuma yumɓu ne mai santsi, don haka ake barinsa ya zama daɓen da layin dogo zai zauna a kai. Mai haɗamar da ya ƙwaƙule shi ya cika tarago da dutsen da tanderu ba ya so, sannan ya nutsar da dogon kansa a taɓo.

Da an cinye tsiri ɗaya na tama, layin dogo ya yi nisa da fuskar aiki, dole a matsar da shi. Ba kwance shi ake yi ba. Mutane ne za su jeru a gefensa, kowa ya soka sandar ƙarfe ƙarƙashin dogon, mutum ɗaya ya ba da murya, su banƙara gaba ɗaya. Layin ya ja jiki ɗan kaɗan, su matsa gaba su sake. In ɗaya ya riga saura ko ya makara, ƙarfin duka ya tafi a banza. Da haka ramin ya yi taku ɗaya, gobe a koma kan murfi.

A wurare da dama na wannan yanki akan gasa tamar kafin a tura ta nesa. A jibge ta doguwar dala, ana cakuɗa ta da garin kwal, a cinna wuta ta yi makonni tana ci a hankali. Zafin yana korar ruwa da iskar da ke ƙunshe a dutsen, ya fito ja, nauyinsa ya ragu, ƙarfensa yana nan. Hikimar ta kuɗin jirgi ce: me zai sa a biya ladan dakon ruwa har zuwa wani gari?

Baro yana da iyaka. Da murfi ya wuce wani kauri, ladan masu turi ya cinye kuɗin tamar. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare injin haƙa mai aiki da tururi ya shigo ramukan Corby, daga baya aka haɗa shi da doguwar bel mai tafiya wadda ke tsallakar da ƙasa zuwa gefen baya. A 1910 kamfanin Lloyd ya kunna tanderunsa a Corby, a 1920 kuma harkar ta koma hannun Stewarts & Lloyds, kamfanin ƙera bututu mai tushe a Glasgow. Shi ne ya gina babbar masana'antar ƙarfe da ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1930. Ƙauyen da mutanensa suke kimanin 1,500 a 1931 ya kai kimanin 12,000 a 1939, da yawa cikin baƙin daga Sikotlan, abin da ya sa har yau ake jin karin harshensu a bakin 'yan garin.

Tamar tana da wani aibi, wato sinadarin fosfaras, wanda ke sa ƙarfe gautsi ya riƙa tsagewa. Maganinsa tun 1878 wasu 'yan uwa biyu, Sidney Gilchrist Thomas da Percy Gilchrist, suka gano shi: a shafe cikin tukunyar tace ƙarfe da tubali mai jinsin farar ƙasa, a ƙara farar ƙasa a cikin narkakken ƙarfen, sai fosfaras ya bar ƙarfe ya bi kashin maƙera. A niƙa kashin ya zama taki, a sayar wa manoma. Da wannan hanya Corby ta yi ƙarfenta, kuma daga nan aka ƙera bututun da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku don kai mai Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai dai injin tururi, duk da ƙarfinsa, aikin ganin dama ya yi a bayansa. Yana zubar da ƙasa yadda ta zo, ƙasar noma a gindi, duwatsu a sama, ya bar jerin tuddai da kwaruruka da ba sa nomuwa. A wannan fanni mai baro ya fi shi aiki nesa ba kusa ba. Dubban kadada suka lalace kafin majalisar Birtaniya ta yi doka a 1951, ta kafa asusun gyaran filayen tama, ana cire wani abu a kan kowane tan da aka haƙa. Daga nan aka koma tsarin da leburori suka sani tun farko: a yaye ƙasar noma a ajiye gefe, a baje tuddan da katafila, a mayar da ita sama. Wasu tsofaffin wuraren an dasa musu itatuwa, wani kuma kusa da ƙauyen Twywell an bar shi da tuddansa ya zama wurin shan iska.

A wannan shekara ta 1951 aka kawo wa ramin Priors Hall injin da ya kai sana'ar ƙololuwarta. Kamfanin Ransomes & Rapier na Ipswich ya ƙera shi, lambarsa W1400, kuma a lokacin babu irinsa mafi girma a duniya. Nauyinsa ya haura tan 1,600. Dogon hannunsa mita 86 ne, gugansa yana ɗaukar kimanin tan 27 a ɗiba ɗaya, kuma da wutar lantarki yake aiki, kebul na biye da shi a ƙasa. Aikinsa dai na mai baro ne: ya ɗebo daga gaba, ya tsallaka rami, ya zuba a baya. Bambancin shi ne yana iya yaye murfin da ya kai mita 30.

Gugan ba a manne yake da hannun ba. A rataye yake da igiyoyin ƙarfe iri biyu. Ɗaya ta bi ta ƙarshen hannun ta sauko, ita ce ta ɗagawa. Ɗayar ta fito daga cikin injin kai tsaye zuwa bakin gugan, ita ce ta ja. Direba yana zaune a ɗan ɗaki mai gilashi, liba ɗaya a kowane hannu, feda a ƙarƙashin ƙafafu don juya injin hagu ko dama. Zai sassauta igiyoyin gugan ya sauka can nesa, haƙoransa a ƙasa. Sai ya jawo shi zuwa gare shi, yana ɗan riƙe da igiyar ɗagawa don kada haƙoran su nutse su cije. Da ya cika, ya ɗaga, amma ba ya sakin igiyar ja, domin tsaurinta ne ke riƙe bakin gugan sama. Yana ɗagawa yana juyawa lokaci guda. Da hannun ya iso kan inda ake so, ya saki igiyar ja, bakin gugan ya sunkuya, ƙasa ta zube, kuma kafin ta gama sauka ya riga ya fara juyowa. Zagaye ɗaya kimanin minti guda ne.

Wahalar tana cikin lilo. Tan 27 a rataye a ƙarshen igiya ba ya tsayawa don injin ya tsaya. Wanda ya fizgi feda, guga zai yi ta kai da komo, ya zauna jiransa ya natsu, minti ya zama biyu. Gwani yana fara juyawa a hankali, ya rage gudu tun kafin ya iso, guga da hannu su tsaya tare. Yana kuma lura da inda yake zubawa. In ya zuba kusa, tulin zai gangaro ya binne layin dogo da tamar da aka share. In ya kankare da zurfi ya kwashi tama ya zubar da ita cikin shara, in kuma ya bar laka a kanta ya ɓata wa masu tanderu lissafi. Daga tazarar mita da yawa, ta gilashi, yake gane canjin launin da ke cewa murfi ya ƙare.

Wannan injin ba shi da taya. A kan wani ƙaton faifan ƙarfe yake zaune, wanda ke baza nauyinsa don kada ya nutse. A kowane gefe yana da dogon takalmin ƙarfe. In za a matsa, takalman biyu su sauko su dafa ƙasa, jikin ya ɗaga gefe ɗaya, ya ja faifan kimanin mita 2, ya zauna, takalman su tashi su sake. Kuma da baya yake tafiya, yana nisantar ramin da ya haƙa. Kafin kowane taku sai mutanen ƙasa sun baje wurin, sun tabbatar ba taɓo, sun janye kebul daga hanya, sannan su ba direba hannu.

Wani ɗan uwan wannan injin ya yi tafiyar da har yau ake labari. An harhaɗa shi a 1957 a ramin Exton Park da ke gundumar Rutland, aka sa masa suna Sundew, sunan dokin da ya ci babbar tseren Grand National a shekarar. Da aiki ya ƙare a can, aka so a kai shi wani rami kusa da Harringworth, arewa da Corby. Da aka lissafa, kwance shi da sake ɗaurawa zai ci shekara 2. Sai aka ce ya taka da ƙafarsa. A bazarar 1974 ya kama hanya, kilomita 21, gudunsa bai kai mita 200 a awa ba. Ya tsallaka tituna 10, layin dogo ɗaya, shingaye 74, layukan wutar lantarki 13, da kogin Welland. Kowane ɗaya sai da aka auna shi, aka shirya yadda za a rufe shi da ƙasa ko a kawar da shi, a kuma mayar bayan an wuce. Jama'a suka riƙa fitowa kallo da iyalansu. Sannu ba ta hana zuwa: cikin kimanin wata 2 ya isa, ya koma bakin aikinsa.

Bai cika shekara 6 yana aiki a sabon wurin ba. Tamar Corby ba ta ƙare ba, lissafi ne ya juya mata baya. Manyan jiragen ruwa sun fara kawo tama daga Ostareliya, Barazil da Afirka ta Yamma, mai ƙarfe sama da kashi 60 cikin 100, ninki biyu na tata, kuma masana'antun bakin teku su suka fi dacewa da karɓarta. Tun 1967 gwamnati ta karɓe masana'antar Corby ƙarƙashin British Steel, a ƙarshen 1979 aka tabbatar za a daina narka ƙarfe a Corby, a farkon 1980 ramukan suka tsaya. Dubban mutane suka rasa abin yi, har rashin aiki a garin ya kai kusan kashi 30 cikin 100.

An yanyanka Sundew a 1987 aka sayar da ƙarfensa, amma ɗakin direbansa yana ajiye a gidan tarihi na Rocks by Rail da ke Cottesmore a Rutland. Masana'antar bututu ta Corby tana aiki har yanzu, da ƙarfen da ake kawo mata daga wani wuri. Filin Priors Hall kuwa, inda W1400 na farko ya yi aiki, yanzu unguwa ce mai gidaje da makarantu.